Lauya Mai In'ina

"Maimaita mana, 'yata. Ban ji ki ba."

Ya ji ni sarai. Kowa a ɗakin ya ji ni.

Na damƙe gefen kujera, na sake buɗe baki.

"Ya... ya... ya Mai Sha... Sha..."

Kalmar ta maƙale min a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.

Mutum uku ne a bayan dogon teburin, suna gwada masu neman aiki. A tsakiya Babban Lauya ne, mai ofishin, wanda tun muna makaranta muke mafarkin yin aiki a ƙarƙashinsa. A damansa wata matashiyar lauya da ake kira Gimbiya, saboda yadda take tafiya kamar tana tausayin ƙasa. A hagunsa kuma ɗansa, dogo siriri, wanda tun da na shigo bai ce uffan ba.

Gimbiya ta kare bakinta da takarda, kafaɗunta na rawa. Dariya take yi!

Babban Lauya ya cire tabarau ya ajiye.

"Takardunki sun yi kyau, ban musa ba. Ke kika zo ta ɗaya a ajinku. Amma shi lauya da bakinsa yake noma. Kafin ki gama gaishe da alƙali an tashi daga kotu. Ki nemi aikin rubuce-rubuce inda ba a buƙatar magana. Shawara ce ta uba."

Na kalli ɗan nasa, ban ma san dalili ba. Wataƙila don shi kaɗai ne bai yi murmushi ba.

Sai ya sunkuyar da kai.

"Na... na gode," na ce. Na tattara takarduna na fita kaina a sama.

Ban yi kuka ba sai da na ga ƙofar gidanmu.

Umma na ninke kayan wanki a falo. Kallo ɗaya ta yi min ta ajiye zanin da ke hannunta.

"Auta, zo nan."

Na faɗa jikinta na kece da kuka. Yaya, wanda ya riƙe mu da aikin kanikanci tun rasuwar mahaifinmu, ya fito daga ɗakinsa yana huci kamar kububuwa.

"Wa ya taɓa ki? Faɗa min! Wallahi yanzu in je ofishin nan..."

"Ka je ka yi me?" in ji Umma. "Ka kama musu dambe da sifana a hannu? Zauna, don Allah."

Ta ɗago haɓata.

"Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Gobe ki goge rigarki ki fita."

Na goge, na fita.

Ofis bayan ofis. Wasu su ce za su kira ni, wasu tun ban gama sallama ba su fara duba agogo. Takalmina ya cinye, ƙawayena duk suka sami wurin zama, ni ina yawo da fayil a hammata.

A ƙarshe na hau wani ƙuntataccen bene a saman shagon masu sayar da taya. Ɗaki guda ne, fanka na kuka a sama, fayiloli har bakin taga. A nan wata tsohuwar lauya da kowa ke kira Anti take tsaya wa waɗanda ba su da ƙarfin ɗaukar lauya.

Ta saurare ni har na kai aya. Ba ta ƙarasa min kalma ko ɗaya ba.

Sannan ta buga gwiwarta tana dariya.

"Ni ƙafa ta gaza, ke baki na gardama. In muka haɗu ai mun tashi lauya guda cikakke! Jawo kujera."

Ranar da na fara tsayawa gaban alƙali, belin wani direba na je nema. 'Yan kallo suka dinga ƙyaƙyatawa, alƙali ya ce in zauna in huta. Ba a ba da belin ba.

Na koma ofis ina jan ƙafa.

"Anti, na kasa."

"An ɗage zuwa yaushe?"

"Mako mai zuwa."

"To ba ki kasa ba, an ɗage ki ne. Ɗauko fayil na gaba."

Daga nan na ɗauki wata al'ada. Kullum da sassafe nake zuwa kotu, lokacin mai shara kaɗai ke ciki. In tsaya inda lauyoyi ke tsayawa, in fuskanci kujerar alƙali babu kowa a kanta, in yi ta magana. Na koyi jan numfashi kafin kalma mai nauyi. Na koyi yanke tambaya ta zama gajera, mai kaifi. In'inar ba ta tafi ba, ni ce na daina jin kunyarta.

A zama na gaba direban ya koma gida wurin 'ya'yansa. Bayansa wata mai gyaran gashi, bayanta wani tsoho da aka manta da shi a tsare. Wata rana in ci, wata rana a kayar da ni, washegari in dawo.

Shekara ta zagayo.

Wata safiya ina tsakiyar yi wa kujerar alƙali bayani, sai na ji tari a bayana.

Na juya a firgice.

Shi ne. Ɗan Babban Lauya, zaune a benci na ƙarshe, baƙar rigarsa a ninke kan cinya.

"Tun yaushe kake nan?"

"Yau, ko tun yaushe na fara zuwa?"

Na ji kunnuwana sun yi zafi.

"Ka zo ka ƙarasa dariyar da aka fa... fara ne?"

"Ban yi dariya ba ranar nan."

"Ba ka yi magana ba kuma."

Ya miƙe ya tako a hankali.

"Gaskiya ne. Na san an yi miki ba daidai ba, na ji tsoron Abba na yi shiru. Ki yafe min, Barista."

"Na ji, Mai Shiru. Matsa min, ina da aiki."

Tun daga ranar sunan ya bi shi.

Na ɗauka zai yi zuciya. Ina! Washegari ya dawo, har da kofin shayi biyu. Na ƙi karɓa, ya ba mai shara. Jibi ma haka. Har mai shara ta tare ni a bakin ƙofa.

"'Yar nan, don Allah ki ci gaba da ƙi. Ban taɓa jin daɗin aikin nan kamar bana ba!"

Dariyar da na yi ita ta karya ni. Ranar na karɓi shayin.

Ya koma yana hawa kusa da kujerar alƙali yana yi min tambayoyin ƙure, ni ina kare kaina. Abin da ya sace zuciyata ba tsayinsa ba ne, ba kuma sanyin muryarsa ba. In na maƙale a kalma, ba ya kawar da kai, ba ya ƙarasa min. Jira yake yi, idonsa a kaina, kamar babu inda za shi a duniya.

Wata rana ina tattara takardu ya ce, "Barista, ina da ƙara."

"Wa kake ƙara?"

"Ke. Kin hana ni barci, kin hana ni cin abinci, kin sa ina zuwa aiki kafin mai gadi."

"Ina shaidunka?"

"Mai shara. Da wannan." Ya dafa ƙirjinsa. "Ina son ki, tauraruwata. Aure nake nufi, ba wasa ba."

Duk bakin da na yi shekara ina wasawa ya mutu murus.

"Ni ma... ni ma i... i..."

Ya jira.

"Ina son ka."

Ya lumshe ido kamar wanda aka zuba wa ruwan sanyi a tsakiyar zafi.

Amma da na kai maganar gida, Yaya ya yi tsalle ya dire.

"Ɗan wa? Ɗan mutumin da ya sa kika shigo gidan nan da kuka? Auta, ba ki da zuciya ne? Su ɗauke ki su kai gidansu su dinga kwaikwayon maganarki a kan tebur? Ba da ni ba!"

"Yaya, shi daban ne..."

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe!"

Umma dai ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Cewa kawai ta yi, "A bar wa lokaci."

Ana cikin haka wani mutum ya hawo benenmu da matarsa, hannunsa na dama a naɗe cikin tawul. Ma'aikacin wani kamfanin roba ne. Injin yanka ya cinye masa yatsu huɗu, kamfani ya ce gangancinsa ne, ya sallame shi.

"Lauya, murfin da ke kare wuƙar injin, su suka cire shi don aiki ya yi sauri," in ji shi. "Abokan aikina duk sun sani, amma kowa na tsoron a kore shi."

Na shigar da ƙara. Da amsar kamfani ta iso, na ga hatimin ofishin da ke kare su.

Ofishin Babban Lauya ne. Kuma Mai Shiru aka ba shari'ar.

Ranar ya kira ni.

"Na janye, sanyin idona. Na gaya wa Abba dalili a gaban kowa. Na ce ke zan aura."

"Me ya ce?"



"Ya ce in dai yana raye, a'a."

Gimbiya ta daɗe tana ɗinka wa kanta rigar surukar gidan, kowa a ofishinsu ya sani. Jin haka sai ta ɗaura ɗamara. Ashe ta taɓa ɗaukar hotonmu muna shan shayi a harabar kotu. Ta kai wa Babban Lauya, ta ce ina amfani da ɗansa ne don in tatsi sirrin kamfani. Babban Lauya ya fusata, ya ce shi da kansa zai tsaya a shari'ar.

Ba ta tsaya nan ba.

Wata safiya ma'aikacin ya shigo ofis ko sallama babu, matarsa na biye tana sharar hawaye.

"Lauya, an ce kin sayar da ni."

"Wa ya ce?"

"Wata mata ta zo har gida ta nuna wa iyalina hotonki da ɗan mai kare kamfani. Ta ce ku kun riga kun shirya, gara in janye tun ban yi biyu babu ba." Ya ɗaga dungulmin hannunsa. "Wannan kaɗai ya rage min. Shi ma za ki ci da shi?"

Maganar ta soke ni fiye da duk dariyar da aka taɓa yi min.

"Baba, hoton gaskiya ne. Ina son sa, ba zan ɓoye maka ba. Amma ya fita daga shari'ar, kuma daga yau ba zan sake ganinsa ba har sai an yanke hukunci. In ka ga ha'inci a wurina, ka kai ni gaban hukumar lauyoyi, ni zan nuna maka hanya."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya zauna.

Da na gaya wa Mai Shiru, muryarsa ta karye.

"Ko waya, rabin raina?"

"Ko waya."

"Shari'a fa tana iya kai wata da watanni..."

"Ai ka iya jira. Shi ya sa na so ka."

Na kashe wayar na kifa kai a kan tebur. Anti ta bar ni na yi mai isata, sannan ta turo min fayil.

Watannin nan sun yi min tsawo. Aka yi ta ɗage zama, yau an ce manaja ya yi tafiya, gobe an ce ba shi da lafiya. So suke mu gaji. Kowane zama ina nan tun kafin a buɗe ƙofa. Benci na ƙarshe babu kowa, na hana idona kallon wajen.

Ranar da manajan kamfani ya shiga akwatin shaida, kotu ta cika maƙil. Umma ta zo, Yaya ya rufe garejinsa ya zo, Anti ma sai da aka tallabo ta ta hawo. Can baya na hango dogon mutum a tsaye jikin bango. Na kawar da kai da sauri.

Babban Lauya ya yi wa shaidarsa tambayoyi cikin murya mai cika ɗaki. Manaja ya rantse murfin na kan injin ranar da abin ya faru. Har murfin suka kawo, wani kejin ƙarfe mai ƙananan ramuka, aka karɓe shi a matsayin hujja, don a ga kamfani ba ya wasa da lafiyar ma'aikata.

Alƙali ya dube ni. "Lauyar mai ƙara."

Na miƙe.

"Ya Mai Sha... Sha..."

Wani ya yi 'yar dariya. Na ji ƙaramin tsakin Gimbiya.

Na ja numfashi. Na jira kalmar ta iso da ƙafarta.

"Ya Mai Shari'a, tambayoyina kaɗan ne."

Na juya ga manaja.

"Wannan murfin ne ke kan injin?"

"Shi ne."

"A ɗaure?"

"Gam."

"Ba a taɓa ci... cire shi ba?"

"Ko sau ɗaya."

Na roƙi kotu a miƙa masa murfin.

"Sa hannunka ta ciki, ka nuna wa kotu yadda ya kai ga wuƙa."

Ya kalli Babban Lauya. Babban Lauya ya miƙe zai yi magana, alƙali ya ɗaga masa hannu.

"Shaida, yi abin da aka ce."

Manaja ya tura yatsa. Ko kan ɗan yatsansa bai shige ba. Ya juya murfin, ya gwada ta gefe, ya gwada ta ƙasa. Gumi ya keto masa.

"Ba... ba... ba ya shiga," in ji shi.

"Yi a hankali," na ce. "Kotu za ta jira ka."

Na matso kusa da shi.

"To in hannu ba ya shiga, ta ina injin ya ci yatsun mutumin nan?"

Na sake tambaya. A karo na uku ya sunkuyar da kai ya ce a kan cire shi in aiki ya yi yawa.

"Shi ke nan tambayoyina, ya Mai Shari'a."

Daga bayana na ji muryar Yaya, "Ƙanwata ce! Wallahi ƙanwata ce!" Sai da ɗan sandan kotu ya tsawatar masa.

Da aka tashi, muna fitowa baranda matar ma'aikacin ta ƙwalla ƙara tana nuna Gimbiya.

"Ga ta nan! Ita ce ta zo gidanmu da hoto ta ce mu janye!"

Babban Lauya ya tsaya cak. Duk zafin kansa, mutum ne da ba ya wasa da mutuncin aikinsa.

"Kin je gidan wanda muke shari'a da shi? A bayan lauyarsa? Da sunan ofishina?"

"Yallaɓai, don kare ka na..."

"Ki kwashe kayanki yau."

Da ranar hukunci ta zo, kotu ta ba ma'aikacin gaskiya, ta umarci kamfani ya biya shi diyya, ya kuma mayar da murfi kan kowane inji. Ma'aikacin ya ɗora dungulmin hannunsa a kan fayil ɗina yana ta sa min albarka.

Ina fitowa na tarar da Mai Shiru a ƙasan matakala, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"An yanke hukunci, Barista. Zan iya magana?"

"Kai da abinci kun yi faɗa ne?"

"Ke kika raba mu, zuciyata."

Na yi dariya, hawaye na zuba, ban damu da masu kallo ba.

Bayan kwana biyu muka ji takun mutum mai nauyi a benenmu, yana hawa yana hutawa. Babban Lauya ne, yana haki, kwat ɗinsa ta kwashi ƙurar taya.

Anti ta kalle shi sama da ƙasa. "Yau kuma giwa a gidan zomo? Zauna kafin ka faɗi, ba mu da mai ɗaga ka."

Ya zauna ya dube ni.

"'Yata, na daɗe a aikin nan, ban taɓa ganin an kayar da ni da hujjar da na kawo da hannuna ba. Akwai kujera a ofishina, in kina so."

Na kalli fayilolin da suka kai bakin taga. Kowanne mutum ne da ke jira.

"Na gode, Yallaɓai. Amma a nan nake da aiki."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar dama amsar da ya zata ke nan.

"To ɗaya maganar fa? Yaron nan ya daina cin abinci a gidana. Wa zan gani?"

Na sunkuyar da kai. "Yayana."

Anti ta tuntsire da dariya. "Allah ya ba ka sa'a! Wannan kotun ta fi ta baya zafi."

Haka kuwa aka yi. Yaya ya sa Babban Lauya ya zauna a bencin gareji cikin warin baƙin mai, ya ce sai ya gama ɗaure injin da ke gabansa. Bawan Allah ya jira. Da Yaya ya goge hannu, sharaɗi ɗaya ya kafa.

"Ba mai katse ta in tana magana. Ko kai, Yallaɓai."

"Na karɓa," in ji Babban Lauya.

Aka ɗaura aure, Umma na kuka tana dariya, ta rasa wanne za ta riƙe.

Litinin ta farko bayan biki, Mai Shiru ya farka ya tarar da ni ina goge baƙar rigata.

"Amaryata, ina kuma za ki? Ko mako ba mu cika ba!"

"Akwai wata mata a tsare, ta bar jariri a gida. Yau ake sauraron belinta."

"Anti ba za ta iya..."

Na dube shi.

Ya yi dariya, ya sauko daga gado, ya karɓi dutsen gugar daga hannuna.

"Je ki shirya, Barista. Ni zan ƙarasa, ni kuma zan kai ki."

Kafin azahar matar nan na gida, jaririnta a ƙirji.